Ranar Da Na Ɓatar Da Gidan Mai Koko

Kwanan baya ɗan ƙanwata ya shigo mini da wayarsa yana nuna mini Nima daga sama, rufin kwano na bin rufin kwano, har da bishiyar ƙofar masallacinmu. Ya ce, "Kawu, sana'arku ta mutu, yanzu kowa safiyo ne." Na yi dariya, amma da ya fita sai zuciyata ta koma kan wani kuskure da na yi ina saurayi, wanda har yau in na bi ta bakin babbar kwata nakan ji kunyarsa.

A lokacin ni mai zanen taswira ne a ofishin wani safiyo mai lasisi a nan Ankara. Ba ni ke fita awo ba. Masu awo su dawo da littafinsu cike da lambobi, ni kuma in zauna da alƙalamin Rotring da tawada da takarda mai shara-shara in mai da lambobin su zama gidaje da lunguna. Awon filaye a Gana tun zamanin Turawa da ƙafa ake yin sa, kuma ubangidana ya kan tuna mana cewa Gwamna Guggisberg, wanda ya gina asibitin Korle Bu, safiyo ne kafin ya zama gwamna a 1919, don haka kada wani ya raina aikinmu.

Bayan ambaliyar watan Yuli na 1995 aka kawo wa ofishinmu aikin auna gidajen da ke bakin babbar kwatar nan da ke ɗauke ruwan Nima da Maamobi ta kai shi Odaw. Ana so a san gidan wa ke kusa da ruwa, wane ɗaki zai tashi in an zo faɗaɗawa, wa kuma za a yi magana da shi. Wanda ya san unguwarmu ya san abin da wannan ke nufi. Ƙasar Nima ta iyalin Odoi Kwao ce na Osu, a hannunsu Malam Amadu Futa ya samu wurin a farkon shekarun 1930, mutane kuma suka yi ta zuwa suna gini ba tare da an yanka layi ba. Dokar rajistar filaye ta 1986 ta zo ta tarar da yawancinmu ba mu da wata takarda sai shaidar maƙwabta. Saboda haka duk wanda gidansa ya fito a taswirar hukuma da lamba, ya samu abin riƙewa.

Yankin da aka ba mu siriri ne kamar rawani, tsawonsa kimanin kilomita 2, faɗinsa kuwa gida biyu ko uku a kowane gefe. Don a ga kowane ɗaki sai an zana shi a ma'aunin 1:500, wato santimita 1 a takarda mita 5 ke nan a ƙasa. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: takarda mai tsawon mita 4 ake bukata, kuma babu teburin da zai ɗauke ta. Sai a yanka aikin shafi-shafi. Babbar takardarmu tana cin santimita 80, wato mita 400, shafi 5 ke nan cif-cif in an jera su baki da baki. Sa'an nan a zana wani shafi guda da muke kira mabuɗi, inda ake nuna yankin duka a ƙanƙance da iyakar kowane shafi da lambarsa, don mai neman gidansa ya san wane shafi zai buɗe.

To ga inda na yi ɓarna. Takarda na da tsada, ni kuma ina son a yabe ni da tattali, sai na tsaya a kan shafi 5, ban bar wani shafi ya hau kan ɗan'uwansa ba. Kwata kuwa ba ta tafiya a miƙe. Inda ta yi kwana, na karkata shafi na 4 don ya bi ta. Ku ɗauki littafi biyu ku haɗa bakinsu, ku ɗan juya ɗaya: gefe guda za su taɓa juna, ɗaya gefen kuwa za a bar fili mai kusurwa uku kamar yankan kankana. Wannan filin bai shiga shafi na 3 ba, bai shiga na 4 ba. Mabuɗin da ya kamata ya tona asirin, shi na bari sai daren ƙarshe, na zana akwatuna biyar a jere, masu kyau, kamar taragon jirgi, ba tare da na auna inda kowanne ya faɗa ba.

Ranar da aka baje taswirar a zauren mai unguwa, mutane suka yi ta leƙawa ana karanta lambobi. Can sai wata tsohuwa da muke sayen koko da ƙosai a wurinta tun muna makarantar allo ta matso. Ba ta karatun boko, amma ta ga maƙwabcinta na gabas an nuna masa nasa a takarda ɗaya, na yamma a wata. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, ni ina nawa?"

Na ce, "Mma, yana nan, bari in duba."

Na duba shafi na 3, na duba na 4, gumi ya karyo mini. Ta ce, "Ruwa bai ci gidan ba, kai ka ci shi?" Zaure ya ɗauki dariya, ita kuwa ba ta yi ba. Ɗaki huɗu ne da marayu a ciki, kuma wanda ba ya cikin jerin sunaye babu mai zama da shi ranar da za a yi maganar diyya.

Ubangidana bai yi mini faɗa a gaban jama'a ba, Allah ya jiƙansa. Da muka koma ofis ya ɗauko taswirar gari mai ma'aunin 1:2500, wadda kilomita 2 ɗin nan ke shiga shafi guda. Ya yanko takarda mai shara-shara daidai girman abin da shafi ɗaya ke ci, ya ce in riƙa ɗora ta a kan kwatar ina matsawa, kowane shafi ya hau kan na bayansa, a kwana kuma ya hau sosai har kusurwar ta rufe. Shafi 6 suka fito. Ya sa na ja layin haɗi a inda shafuka suka hau juna, ya ce layin ya bi ta lungu, kada ya ratsa tsakar gidan mutum. Kowane shafi a sa masa kibiyar arewa tasa tunda an karkata shi, a rubuta lambar maƙwabcinsa a baki, a kuma zana ƙaramin mabuɗin a kusurwa tare da duhunta shafin da ke hannu. Sai bayan duk wannan ya yarda in taɓa tawada. Kwana tara na yi ina sakewa, kuɗin takardar kuma daga albashina.

Yanzu abubuwa sun canja. Tun 2008 aka haɗe Ma'aikatar Safiyo da ofisoshin rajistar filaye a ƙarƙashin Hukumar Filaye, kuma kwamfuta na yanka shafuka cikin ƙiftawar ido. Sai dai na ga taswirar kwamfuta da irin wannan yankan kankana, domin ita ma abin da aka gaya mata take yi. Shi ya sa duk lokacin da aka kira taro kan kwata ko hanya a Nima ko Maamobi, nakan ce wa matasa su fara neman shafin mabuɗi, su duba ko shafukan sun hau juna, musamman a kwana, kafin kowa ya sa hannu.

Da na gama sabon zanen na kai wa Mma kwafin shafi na 4 har gida, na ɗora yatsanta a kan ɗakunanta. Ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi inda madafinta yake, na nuna mata. Ta naɗe takardar ta sa cikin kwallarta ta kayan aure, sa'an nan ta zuba mini koko, ta kuma karɓi kuɗinta.