Ƙauyen Baikin a Kan Tebur: Tafiyata Zuwa Yok

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Lids yana da wata ɗabi'a da ta dami uwarsa. Duk hoton da ya turo gida, a bayansa akwai tebur cike da 'yan bukkoki da ba su wuce tafin hannu ba, ga 'yan mutum-mutumi riƙe da garkuwa da gatari. Da aiki ya kai ni Ingila cikin watan Fabrairu, sai ta ce don Allah in leƙa mata, ko yaron ya koma wasan 'yar tsana ne da kuɗin makaranta. Na leƙa, na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, wannan bayani da baki ba zai yi ba. Mu je Yok ran Asabar ka ga na gaskiyar, ran Lahadi kuma ka ga na wasan."

Abin da suke yi shi ne wasan yaƙi na kan tebur. Mutum biyu su jera rundunarsu ta 'yan mutum-mutumi, su auna tafiyar kowace tawaga da sanda, su jefa ƙwayar lido don a san wa ya sari wa. Ba a sa kuɗi, na tambaya tun kafin a je ko'ina. Kuma abin ya girmi kakanninmu: a 1824 wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar wa sojojin Farusiya irinsa don horar da hafsoshi, a 1913 kuma marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin dokoki don farar hula. Wanda ɗan ƙanwata ke bugawa sunansa Saga, wasu Faransawa ne suka ƙirƙiro shi, kuma ya shafi zamanin Baikinawa, mutanen ƙasashen Denmak da Nowe da Suwidin da suka addabi gaɓar tekun Turai da jiragen ruwa tun daga harin tsibirin Lindisfarne a 793. To yaƙi yana son fili, fili kuma yana son ƙauye. Nan ne ginin ya shigo.

Daga Lids zuwa Yok jirgin ƙasa bai cika rabin awa ba. Muna fitowa daga tasha sai ga ganuwar gari a gabanmu, sanyi kuma ya tare mu kamar yana jiranmu. Muka ƙetare kogin Ouse, muka ratsa lunguna zuwa unguwar Coppergate. Wanda bai sani ba zai wuce wurin, don kantuna ne reras a sama. Abin kallon yana ƙarƙashin ƙasa.

Baikinawa sun ci Yok a 866, sarkinsu na ƙarshe a garin, Eric Bloodaxe, ya faɗi a 954. Tsakanin 1976 da 1981 masu binciken kayan tarihi suka haƙa wannan unguwa kafin a gina kantunan, suka tono abubuwa fiye da 40,000. Sa'ar da aka yi ita ce ƙasar wurin jiƙaƙƙiya ce, tana gangarawa zuwa kogin Foss, kuma iska ba ta ratsa ta, don haka itace da fata da tufa ba su ruɓe ba. A 1984 aka buɗe cibiyar Jorvik a daidai ramin. Ambaliya ta cinye ta a ƙarshen 2015, aka sake buɗewa a 2017.

Ana sa mutum cikin wata 'yar kujera mai tafiya a hankali, ta bi da shi ta tsakiyar unguwar kamar yadda aka sake gina ta. Kafin ido ya gama sabawa da duhu hanci ya riga ya karɓi saƙo: hayaƙi, ɗanyen kifi, jima, har da warin masai, duk da gangan aka sa su. Ɗan ƙanwata bai damu da mutanen roba masu motsi ba. Sai taɓa ni yake yana cewa, "Kawu, dubi shingen, dubi yadda aka saƙa shi."

Shingen kuwa shi ne komai a wurin. An yanka filaye sirara masu tsawo, faɗin kowanne kamar mita biyar da rabi, goshin gida yana kallon titi, bayansa kuma ya miƙe da rijiya da ramin shara da masai da wurin sana'a. Gidajen farkon ƙarni na 10 turaku ne aka kafa aka saƙa tsumagu a tsakaninsu, murhu a tsakiyar ɗaki, dakalin ƙasa a jikin bango. Ko hanyar da ake takawa saƙar tsumagun ce aka shimfiɗa a kan taɓo. Wanda ya taɓa ganin ana saƙa zana a ƙauye, hannunsa zai gane aikin kafin a yi masa bayani. Sai daga baya, wajen shekarun 970, suka koma gini da katakon itacen oak, suna haƙa ɗakin ajiya a ƙasa.

A ɗakin nuni na daɗe a gaban wasu 'yan abubuwa. Matajin kai na ƙahon barewa, takalman fata, safa guda ɗaya ta ulu da ta kai shekara dubu, hular siliki da ta fito daga gabas, guntun allon wani wasa nasu na tura 'ya'ya. Sai wuri guda daga yankin Bahar Maliya, ɗan'uwan wanda kakanninmu suka yi kuɗi da shi, ko da yake ya fi shi girma. Ga kuma jabun dirhami da aka kwaikwayi bugun Samarƙand. Ashe 'yan jabu tun ba yau ba. Takobi da gatari, waɗanda su ne kan gaba a kan teburin ɗan ƙanwata, su ne mafi ƙaranci a nan. Unguwar masassaƙa da dukawa da maƙera ce.

Washegari muka nufi filin sukuwa na Knavesmire, inda ƙungiyar masu wannan wasa ta Yok ke yin baje kolinta na shekara-shekara mai suna Vapnartak. Bene hawa-hawa cike da tebura, yawancin mutanen kuma masu furfura ne, abin da na fara rubuta wa ƙanwata ke nan. Da yawa daga cikin 'yan kasuwar daga Notingham suka zo, garin da kamfanonin wannan sana'a suka taru, har da Games Workshop da Warlord Games. Akwai masu sayar da gidaje yankakku na siririn katako, a saya a harhaɗa a shafa fenti. Suna da kyau, amma da ka ga ɗaya ka ga duka, kusurwa tsaf, bango a miƙe kamar an sa ma'auni. Babu gidan da na gani a Coppergate mai irin wannan ladabi.

A wani lungu muka sami wani dattijo da ya gina nasa da hannu, yana zaune yana ƙarasa wani rufi a gaban jama'a. A wurinsa na kashe yawancin yinin.

Ya fara da lissafi, kuma lissafin ne ya fi burge ni. Tsayin mayaƙin wasa milimita 28 ne, wato an rage mutum kusan sau 56. Teburin Saga santimita 120 ne a tsawo, 90 a faɗi. In ka mayar da shi girman gaskiya, ya zama mita 67 da mita 50, bai kai filin ƙwallo ba. Babban zauren da aka tono a Borg, can arewacin Nowe, tsawonsa mita 83. A wannan ma'auni zai kai kusan mita ɗaya da rabi, ya fi teburin kansa tsawo. Ko gidajen sansanin Fyrkat na Denmak, masu mita 28 da rabi, kowanne zai cinye rabin mita. Don haka dole mai gini ya yi ƙarya. Ƙofa da tsayin bango a bar su daidai da mutum, tsawon gida kuma a datse shi, a ce wannan zauren sarki ne alhali a gaskiya bai fi ɗakin awaki ba. Amma filin Coppergate mai mita biyar da rabi, santimita goma kacal yake ci. Gidan talaka yana shiga tebur da girmansa na gaskiya, na sarki ne ba ya shiga.

Kayan aikinsa babu na a zo a gani. Gindin kowane gida siririn katako ne da aka goge bakinsa ya kwanta, don kada ya yi tudu a kan tebur. Gangar jikin kuma wani soso ne mai tauri da magina ke sawa a bango don tare sanyi, ana yanka shi da wuƙa mai kaifi ko waya mai zafi. Katakon bango tsinkayen juya shayi ne da ake ba mutum kyauta a shagon shayi, ya tsaga su, ya kankare da burushin ƙarfe don jijiyar itace ta fito. Shinge kuwa, ya huda gindin ya kafa tsinken sakace a jere, ya ɗauki siririyar waya yana ratsa ta gaba da baya, layi bisa layi, yana dannawa da farce. Na lura turakunsa mara ne kullum, biyar ko bakwai, kuma kowane layi yana farawa ta ɓangaren da na ƙasansa bai fara ba. Yaɓe kuma garin cike tsagar bango ne da ya dama da ruwa da ɗan yashi, ya shafa da yatsa, ya bar saƙar tana leƙowa a wasu wurare kamar damina ta zaizaye.

Jinka ce ta ba ni dariya. Gashin 'yar tsanar nan mai siffar dabba da ake saya wa yara shi ne ciyawarsa. Ya yanka shi ɗauri-ɗauri, ya liƙa daga ƙasa zuwa sama kowane ɗauri yana hawa kan na ƙasansa, ya tsoma tsohon burushin haƙori a farin gam na kafinta da aka tsinka da ruwa, ya jiƙe gashin sharkaf, sannan ya taje shi ƙasa da mataji. In ya kwana ya bushe sai ya yi tauri, a datse gezar da almakashi. Wasu da tsohon tawul suke yi, ya ce, amma tawul bunu yake bayarwa, ba sabuwar jinka ba. In kuma ƙauyen na Aisland ne, inda itace ya yi ƙaranci, ba jinka za a yi ba sam, bango da rufi duk yankakkiyar ƙasa ce mai ciyawa, gidan ya zama kamar tudu mai ƙofa. Rufin kowane gida ana cire shi, don mayaƙa su iya shiga ciki.

Da aka zo fenti ya ja kunnen ɗan ƙanwata: kada ya kuskura ya fesa fentin gwangwani a kan soson tsirara, zai narke a gabansa, sai an fara shafe shi da gam. Daga nan a yi baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, a bi da launi mai haske a kan burushin da aka goge har ya kusa bushewa, yadda zai taɓa tudu ya bar kwari. Ya ce kuskuren sababbin hannu shi ne yi wa itace launin ruwan ƙasa da jinka launin rawaya. Itacen da ya sha ruwan sama toka-toka yake komawa, jinka ma haka.

Na tambaye shi don me babu ko ɗaya cikin mayaƙansa mai hular ƙaho, alhali a kantunan tsaraba na cikin gari ita ake sayarwa. Ya kaɗa kai. Ba a taɓa tono hular yaƙi mai ƙaho ta zamanin Baikinawa ba. Wadda aka samu a Gjermundbu ta Nowe a 1943 ƙoƙon ƙarfe ce mai kariyar ido. Ƙahon ya yaɗu ne daga kayan da aka ɗinka wa 'yan wasan waƙen Wagner a Jamus a 1876.

Na zagaya sauran teburan da idon da Coppergate ta ba ni, kuma ga abin da na gani. Yawancin ƙauyukan gida uku ne ko huɗu a warwatse a kan koriyar ciyawa, tsaf-tsaf, ba shara, ba taɓo, ba alamar akwai wanda ya taɓa kwana a ciki. An gina su ne don a ƙone su. Na dattijon ne kaɗai ke da tarin itacen girki, da ragar kifi a shanye, da garken aladu, da rijiya, da 'yar bukkar masai a ƙarshen fili. Kuma ba ado ba ne kawai, don da aka fara wasa a kansa, shingayen nan su suka hana runduna tafiya a jere, suka tilasta wa mayaƙa bin lungu ɗaya bayan ɗaya, har mutum huɗu suka tare ƙofar da goma sha biyu suka kasa shiga. A ganina teburinsa ya fi sauran kyau, ya fi su gaskiya, wasan ma ya fi daɗi a kansa, kuma shi ne mafi arha a zauren.

A jirgin komawa Lids ɗan ƙanwata ya zaro takarda yana sake zanen ƙauyensa. Ya soke babban zauren da ya yi niyya, ya ja filaye huɗu sirara masu santimita goma-goma. Aljihunsa cike da tsinkayen shayi.

Mai karatu, in hanya ta bi da kai Yok a watan Fabrairu, fara da Coppergate kafin ka je filin sukuwa. Sayi tikitin Jorvik ta intanet tun kana masauki, don a watan ne ake bikin Baikinawa na garin, layi yana tsawo, kuma sanyin Yok ba na tsayuwa a waje ba ne.