Inda Muka Shimfiɗa Tabarmar Karatu

Ciwon sikila yana da lokutansa kamar noma. Duk gidan da ke da mai shi sun san cewa da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Disamba, barci ya zama rabi da rabi. Sanyi yana matse hanyoyin jini, su kuma jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila, da ke lanƙwashewa kamar lauje, sai su maƙale, ciwo ya tashi a ƙashi da gaɓoɓi. Da bazara ƙishirwa ce ke tayar da shi, da damina kuma zazzaɓin cizon sauro. 'Yarmu ta fari, wadda muke kira Ummi saboda sunan mahaifiyata ta ci, da wannan ciwo aka haife ta. A shekarar da ta shiga aji uku na firamare, kwanakin da ta yi a kwance sun kusa kai waɗanda ta yi a aji.

Malamanta sun yi iya ƙoƙarinsu, amma aji ba ya tsayawa jiran mutum ɗaya. Duk sanda ta koma sai ta tarar an wuce ta, ga fitar sassafe a Adaidaita Sahu cikin sanyi, ga tsayuwar layi kafin a shiga aji. Da ni da mahaifiyarta, wadda ta yi NCE a fannin koyar da 'yan firamare kafin ta koma ɗinki a gida, muka yanke shawarar mu riƙe ta a gida shekara ɗaya ko biyu, mu koyar da ita da kanmu. Ba gudun boko muka yi ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro a Nijeriya karatun shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, mu ma abin da muke so wa 'yarmu ke nan. Littattafan ajinta muka saya, muna bin abin da ake koyar da tsararrakinta mako-mako, domin ranar da za ta koma ta tarar da gurbinta.

Yanke wannan shawara ya ɗauke mu dare biyu. Amma a ina za a yi karatun a cikin gidan, wannan sai da ya ci mana kusan wata guda.

Gidanmu a Kano yake, marigayi mahaifina ne ya gina shi a hankali, shi ya sa zamani biyu ne a cikinsa. Daga ƙofa akwai zaure na ƙasa mai kaurin bango, wanda aka shafe da siminti daga baya. In ka wuce shi sai tsakar gida da bishiyar darbejiya. Ɗakin Hajiya, mahaifiyata, shi ma ginin ƙasa ne. Sashenmu kuwa na bulo ne da rufin kwano: falo, ɗakinmu, ɗakin yara, da wani ɗan ɗaki da na mayar ofis tun 2020, lokacin da korona ta zaunar da kowa a gida, ni kuma kamfanin da nake rubuta wa manhajar kwamfuta ya bar ni na ci gaba da aiki daga nan. Tsakanin kicin da ƙofar Hajiya akwai doguwar baranda mai kallon gabas.

A sana'ata, kafin ka rubuta layi ɗaya sai ka zauna ka jera abin da mai amfani da manhajar yake bukata. Haka na yi. Na rubuta haske, da iska, da wutar lantarki, da shiru, da kusanci da ruwan sha da banɗaki, domin mai sikila dole ya yawaita shan ruwa, kuma ƙodarsa ba ta riƙe ruwa kamar ta sauran mutane, fitsari ya fi yawa. Sai ya zamana kowa a gidan yana da nasa lissafin, ko da bai rubuta a takarda ba.

Hajiya zaure ta zaɓa, kuma hujjarta mai ƙarfi ce. A nan ne wani malami ya koyar da mu allo, ni da yaran unguwa, a zamanin mahaifina. A cikin birnin Kano har gobe akwai zaurukan da ɗalibai ke kewaye malami da littattafansu bayan sallar asuba. A wurin Hajiya, karatu da zaure Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ga sanyinsa da rana tsaka, domin bangon ƙasa yana jinkirin ɗaukar zafi. Amma zaure hanya ce. Mai ruwa ta nan zai shigo da kurarsa, almajiri nan zai tsaya, baƙo nan zai yi sallama. Tagarsa ɗaya ce ƙarama, ƙurar titi kuma da hunturu nan take fara sauka. Abin da ya fi duk waɗannan shi ne abin da matata ta faɗa cikin ladabi: "Hajiya, in a zaure ne, ai ni ba zan iya zama ba." Kowa ya yi shiru, domin gaskiya ce. Zaure wurin maza ne. Wanda ya kai makarantar Ummi can ya riga ya cire mahaifiyarta daga cikin malamanta, ko da bakinsa bai faɗa ba.

Daga nan muka fara kallon gidan da wani ido. Kowane ɗaki yana da mai shi, yana da dokarsa, kuma in ka zaɓi ɗaki ka zaɓi malami tare da shi.

Falo na baƙi ne da talabijin. Akwai fili, akwai fanka, amma duk sanda aka yi sallama sai a ce maza a kwashe littattafai. Yaron da ake kwashe masa littafi sau uku a rana saboda manya sun zo, ba sai an gaya masa matsayin karatunsa a gidan ba. Ban da haka, talabijin ko a kashe take tana kiran yaro.

Ɗakin yara kuwa Ummi ce da kanta ta ƙi shi. Na ce mata za mu sa mata tebur kusa da gadonta, ranar da jiki bai yi daɗi ba ko daga kwance ta yi karatu. Ta ɗan yi jim, ta ce, "Abba, can ai ɗakin ciwo ne." A wannan gadon ake gasa mata ƙafa da tawul mai ɗumi, a nan take ƙirga layukan silin in ciwo ya hana ta barci. Yarinyar da aka raba da makaranta tana bukatar wurin da za ta tashi da safe ta tafi, ko da taku goma ne, ta bar gadon a bayanta.

Saura ofishina, wanda ya cinye kusan duk abin da na jera a takarda. Nan inbata da batiran sola suke, wuta ba ta yankewa, akwai intanet, akwai ƙofar da za a rufe a samu shiru. Illarsa ta fili ita ce yamma yake kallo, ga rufin kwano, a watan Afrilu kuwa, da zafin Kano ke haura digiri 40, bayan azahar sai ka ce tanda. Illarsa ta ɓoye kuma matata ce ta fito da ita. Ta ce, "Abban Ummi, kai in ka toshe kunnenka kana taro da mutanen Legas, ko gobara aka yi sai an taɓa ka. Wa zai gan ta?"

Wannan tambaya ita ta raba gardama. Ciwon Ummi ba da kuka yake farawa ba. Shiru take yi, ta daina tambaya, ta riƙe ƙaurinta da hannu ɗaya tana ci gaba da rubutu da ɗayan don kada a ce ta kwanta. Wani lokaci farin idonta ne zai ƙara yin ɗorawa-ɗorawa, wani lokaci jikinta ne zai ɗau zafi, zazzaɓi kuwa a jikin yaro mai sikila ba abin da za a ce bari a ga gobe ba ne, asibiti ake nufa. Duk waɗannan alamu sai mai kallo ke ganinsu. Mutumin da idonsa ke kan kwamfuta yana iya zama da yarinya a ɗaki ɗaya awa uku bai gan ta ba.

Sai muka dawo baranda, wurin da ba wanda ya kawo shi a lissafi tun farko saboda ba ɗaki ba ne. Daga kicin ana hango ta. Daga bakin ƙofar Hajiya, inda take zama tana jan carbi ko tsinke zogale, ana hango ta. Keken ɗinkin matata ma yana iya zama a ƙarshenta. Da hunturu hantsi yana faɗowa a kanta ya ɗumama wurin, da bazara darbejiya na tare mata rana. Randa na kusa, banɗaki taku kaɗan ne. Matsalarta damina ce, domin a ƙasar Hausa hadari daga gabas yake tasowa, feshin ruwa kai tsaye zai shigo. Wannan asabari biyu suka magance shi.

Abin da baranda ba ta da shi shi ne shiru. Akwai daka, akwai kaji, akwai rediyon Hajiya, akwai ƙanen Ummi ɗan shekara uku da ke ganin duk fensir nasa ne. Mun auna wannan sosai. Babban abin da karatun gida ke ƙwace wa yaro shi ne mutane: ƙawaye, hayaniyar tara, wanda za ka ara wa abin goge rubutu. In muka ƙara da kulle ta a ɗaki ita kaɗai da sunan natsuwa, mun ninka mata kaɗaici ne. Kuma karatu a tsakiyar hidimar gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta horar da jajis, malamai mata da ke zagaya garuruwa suna koyar da mata a cikin gidajensu, abin da aka sani da 'yan taru. Waɗannan mata ba ajin da aka keɓe musu, a inda suke rayuwa ilimin ya same su.

Kayan da muka sa ba su da yawa. Kafinta ya yi mana gajeren tebur daidai zaman tabarma, da kabad mai makulli. Na kafa allo a bango daidai tsayin Ummi, ba daidai nawa ba. Na jawo waya daga inbata zuwa soket ɗaya, na fanka da tsohuwar kwamfutata, wadda na sa wa Kolibri, wata manhajar darussa da ke aiki ko babu intanet. Akwai gorar ruwa da aka yi wa zane huɗu, kowane darasi sai an sha zuwa zane na gaba. Kabad ɗin shi ne ƙararrawarmu. In an buɗe shi an shiga makaranta, in an rufe an tashi, ba mai cewa a ƙara ko shafi ɗaya. Da bazara ƙarfe takwas ake buɗewa a rufe kafin sha biyu. Da hunturu sai tara ko goma, in rana ta fito sosai. Ranar da hazo ya rufe rana gaba ɗaya, tebur ya koma ɗakin Hajiya mai kaurin bango, da safa da bargo da kunu mai zafi, ba a kunna gawayi a rufaffen ɗaki.

Mahaifiyarta ke koyar da Turanci da Hausa da nazarin zamantakewa. Ni nakan fito awa ɗaya don lissafi da kimiyya. Da la'asar in jiki da daɗi tana zuwa Islamiyyar unguwa, a nan take haɗuwa da ƙawaye. Hajiya ba ta cikin jadawali, amma ita ta fi kowa halarta. Takan leƙo ta ce, "Kishiya, yau me aka koya miki da za ki zo ki yi mini yanga da shi?" Rabawa da gyaɗa Hajiya ta koya mata kafin ni na koya mata a allo, kashi-kashi a kan faifai. Ita kuma ta koya wa Hajiya gane sunayen 'ya'yanta a waya da rubutun boko, domin Hajiya ajami ta iya.

Ba zan ce baranda ta warkar da komai ba. Tun da muka fara sau biyu muna kwana asibiti. Ɗinkin matata ya ragu, kuɗin da ke shigo mata ma haka. Akwai maƙwabtan da har yanzu cewa suke mun cire yarinya daga boko, akwai kuma ranakun da ƙanenta ke yaga littafi kowa ya tashi da ɓacin rai. Abin da ya canja shi ne in ta dawo daga asibiti darasin yana nan inda ta bar shi, ba wanda ya wuce ta. Sau biyun nan kuma, tun ciwon bai yi nisa ba aka lura, sau ɗaya daga tagar kicin, sau ɗaya daga ƙofar Hajiya.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ba zan ce kowa ya koma baranda ba. Wani a bene yake haya ɗaki biyu, wani yaronsa lafiyarsa ƙalau, hayaniya ce ke hana shi gane karatu. Amma in kana neman wurin da ɗanka zai yi karatu a gida, kafin ka kira kafinta ɗauki tabarma ka zauna a wurin da kanka, da hantsi, da azahar, da la'asar. Ka ji inda rana ke bugowa da inda iska ke bi. Ka ƙirga masu wucewa. Ka duba ko wanda zai koyar yana da ikon zama a wurin ba tare da ya takura ba, ka duba idon wa zai riƙa kaiwa kan yaron in kai ba ka nan. Sannan ka kira yaron ka tambaye shi, domin akwai abin da ya sani game da ɗakunan gidanku da kai ba ka taɓa kwana da shi ba.