Tarihi a Bangon Magudanar Ruwa

Baƙo in ya sauka Los Angeles, Hollywood ake fara kai shi. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai yana can kwarin San Fernando, cikin wata makekiyar magudanar ruwa ta siminti mai suna Tujunga Wash. A jikin bangonta aka zana tarihin Kalifoniya, tsawon fiye da mita 800. Tafe kake a bakin shingen waya, kana leƙawa ƙasa kana kallo.

Mai zane Judith Baca, wadda asalin danginta daga Meziko ne, ta fara aikin a 1976 da matasa 80, da yawansu hukumomin shari'ar yara ne suka turo su. Zuwa 1983 fiye da matasa 400 sun sa hannu: baƙaƙen fata, 'ya'yan 'yan Meziko, 'yan Asiya da Turawa, yaran da a unguwanninsu ba sa ga maciji da juna. Aka ba su fenti, aka biya su lada, aka haɗa su da masana tarihi. Abin da suka zana kuwa shi ne abin da birnin ya fi so a manta: kisan gillar da aka yi wa 'yan Sin a 1871, da korar 'yan Meziko a shekarun 1930, da tsare 'yan asalin Japan a sansanin Manzanar lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

A gaban zanen Chavez Ravine na fi daɗewa. Unguwar talakawa ce ta 'yan asalin Meziko, aka tashe su, daga baya aka gina filin wasan ƙungiyar Dodgers a wurin, aka buɗe shi a 1962. A zanen, filin wasan na saukowa daga sama kan unguwar, manyan tituna sun nannaɗe iyali guda kamar mesa, sun raba su biyu, ɗan sanda kuma ya sungumi wata mata tana turjewa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a kulle wannan aiki a gidan tarihi ba, ba kuɗin shiga, ba mai gadi. Ɗaliban kwalejin da ke maƙwabtaka da wurin ta nan suke wucewa kullum. Kuma Baca ba ta ajiye buroshi ba: a 2023 ta shiga zana sabbin sassa, daga shekarun 1960 zuwa gaba.