Shafa fuskar waya ba basira ba ce

Jiya a gidan suna wata ƙanwata ta miƙo mini ɗanta da bai cika shekara biyu ba, bakinta har kunne: "Yaya, da kansa fa yake buɗe YouTube ya nemo Cocomelon!" Mata suka yi ta masha Allah. Na ɗauki robar ruwa na cire murfin na ba shi ya mayar. Ya jujjuya murfin, ya yar, ya koma kan wayar. Abin ya tsaya mini a rai har na kwanta.

A ajin rainon yara nake aiki, kuma ba yau na fara wannan ƙorafin ba. Manhajar nan an ƙera ta ne yadda ɗan yatsa ɗaya zai wadatar, bidiyo na ƙarewa wani ya hau. To me yaron ya iya? Hannu kuwa sai ya ɗaga abu yake sanin nauyinsa. Yarinyar da ke tuwon ƙasa a gwangwanin madara tana gane cewa in ruwa ya yi yawa abin zai tsinke, ta ƙara ƙasa, ta tuƙa da kara, ta kwashe ta ce wa uwarta "ci". A nan akwai awo, akwai haƙuri, akwai magana. Mu muna karɓar yara a aji da suka haddace waƙar launuka da Turanci, amma fensir na zamewa daga hannunsu.

Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Hatta masu ƙera kayan nan sun gane. Osmo, wani kayan wasan yara da aka yi a Amurka, madubi ake ɗora wa kyamarar iPad don yaro ya jera 'yan katakai a kan teburi da hannunsa, na'urar tana kallo.

Na san za a ce ban san wahalar mai goyo ga girki ga wanki ba. Na sani, wallahi, nima uwa ce. Ban ce a hana yaro ganin babansa da ke Legas ta bidiyo ba, wannan hira ce da mutum. Amma 'ya'yan nan amana ce, kuma za a tambaye mu.

In kin kunna wa yaro waƙar ƙirga, ki zauna kusa, ku kashe, ku ƙirga cokula. Lokacin girki ki ajiye masa ludayi, murfin tukunya da kofunan roba a tabarma nesa da murhu. Sai dai ki kawar da wake, tsakuwa da ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli, don haɗiye shi na ƙona maƙogwaro cikin 'yan awanni.