Yadda Na Dafa Dardumar Mahaifina

Jama'a, akwai ɓarnar da mutum kan yi da hannunsa, akwai kuma wadda yakan yi da fatar baki kurum, sa'an nan ya koma gefe ya harɗe hannu yana kallo. Tawa irin ta biyun ce. Ta auku cikin watan Yuni na 2023, ana saura kwana 4 Babbar Salla, kuma sai yau na sami ƙarfin halin kawo ta gaban masu karatu.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya sauke farali a 1981, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, sa'ad da naira ke da ƙarfinta, alhazai na komowa gida da kaya niƙi-niƙi. Cikin tsarabarsa har da wata darduma ta ulu, saƙar hannu, ja wur, da ratsin fari a gefe-gefenta. A kanta yake karɓar baƙi a gidanmu na Kwamba, cikin Suleja, a kanta kuma aka raɗa mini suna. Da ya rasu sai Hajiya ta naɗe ta, ta ajiye a ɗakinta, ba ta fitar da ita sai da Salla. Iyakar abin da ake yi mata shi ne a rataye ta a inuwa, a kakkaɓe da sanda, a bi ta da tsumma mai ɗan danshi. Shekara 42 ke nan tana wannan hali, ba ta taɓa kokawa ba.

To, da na zo hutun Salla daga Abuja, sai na ga ta yi duhu, ƙura ta shige ta. Na ce zan kai a wanke. Hajiya ta ce, "Ɗan nan, ƙyale ta. Alhaji bai taɓa sa mata ruwa ba." Na ce, "Haba Hajiya, ai yanzu zamani ya zo da inji." Ba ta ƙara magana ba, ni kuwa na ɗauki shirunta a kan izini.

Wurin da na kai ta wurin wankin mota ne, irin waɗanda suka haɗa da wankin kafet. Duk wanda ya san Suleja a makon Salla ya san yadda irin wuraren nan kan cika: ga kafet ɗin masallatai an nannaɗe kamar gumagumai, ga na falon amare, kowa na gaggawa domin damina ce, rana ba ta da tabbas. Injin nasu na hannu ne, ɗan Amurka. Aikinsa shi ne ya fesa ruwan ɗumi da sabulu cikin gashin kafet, sa'an nan ya zuƙe ruwan tare da dattin zuwa wani tanki dabam. Yana da hita a ciki, da wata 'yar na'ura mai yanke wuta da zarar ruwan ya kai iyakar zafin da aka ƙayyade masa. Amma fa hita ci gare ta, janareta kan sha wuya da ita, ga shi kuwa a ƙarshen watan Mayu na shekarar aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500. Saboda haka mai wurin ya yi dabara: ya aza rabin duro a murhu bayan rumfa, ana tafasa ruwa da itace, ana ɗiba da bokiti ana zubawa cikin tankin. Watau dai an tsallake mai gadin ƙofa, domin na'urar nan wuta take iya yankewa, ba ta da ikon sanyaya ruwan da aka kawo mata a tafashe.

Yaron da zai yi aikin bai wuce shekara 17 ba. Ya shafa dardumar, ya dube ni, ya ce, "Yallaɓai, wannan fa ba irin sauran ba ce. Bari in surka ruwan." Nan ne na yi abin da na yi. Na ce kada ya kuskura ya surka, ruwan da ya tafasa shi ke kashe ƙwayoyin cuta, ni na sani. Na faɗa da irin muryar nan da mu 'yan jarida muke da ita, ta mutumin da ya karanta kanun labari ya ɗauka ya karanta labarin duka. Yaro ya ce, "To, Yallaɓai."

Bokiti na farko ya shige lafiya. Ana cikin na biyu sai bakin tiyon, wanda roba ne kuma zafi ya riga ya tausasa shi, ya suɓuce daga mahaɗinsa, ruwa ya feso wa yaron tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Ihun da ya yi har yau yana kunnena. Nan take wuri ya ruɗe, wannan na cewa a kawo ɗanyen ƙwai, wancan na cewa man goge baki, wani na neman gishiri. Allah Ya kawo wani dattijon direba da ke jiran motarsa, ya ture kowa, ya kama hannun yaron ya tara a ƙarƙashin famfo, ya ƙi saki. Da muka je asibiti, ma'aikaciyar jinya ta ce abin da ya rage ɓarnar ke nan. Ƙuna ba ta son komai da fari sai ruwa mai sanyi yana gudu a kanta har minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da manja, ban da ƙwai, kada kuma a fasa bororon.

Tun daga ranar na shiga neman sanin abin da ya kamata in sani kafin in buɗe baki. Abu na farko da ya ba ni kunya shi ne, amsar tana rubuce a jikin injin. Akwai lamba 140 a kusa da murfin tankin, mu duka muna ganinta, ba wanda ya kula. Mutanen Amurka da ma'aunin Farenhait suke aiki, kuma 140 a wurinsu ita ce digiri 60 a ma'aunin santigiret da muka koya a makaranta. Ruwa kuwa yana tafasa ne a 100, watau 212 a nasu lissafin. Wanda bai san wannan ba, in ya ga 140 sai ya zaci injin na ɗaukar abin da ya fi tafasa. Kamfanin Bissell, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera irin injin nan na gida, ya rubuta ƙarara cikin littattafan umurninsa cewa kada ruwan ya wuce digiri 60, kada kuma a tafasa shi. Akwai manyan injuna na masu sana'a, waɗanda ake girkawa cikin mota, da ke kai ruwa kusa da tafasa, amma tiyonsu da mahaɗansu don haka aka yi su.

Ita kanta digiri 60 ɗin ba abin wasa ba ce. Tun 1947 wasu masu bincike biyu na jami'ar Harvard, Moritz da Henriques, suka auna yadda zafi ke cin fatar mutum, kuma a kan aikinsu ake dogara har gobe. Ruwa mai digiri 49 sai ya yi mintoci a jiki kafin ya yi mummunar ƙuna. Mai digiri 60 daƙiƙa 5 ta ishe shi. In ya doshi 70, daƙiƙa 1 ce. Fatar ƙaramin yaro ta fi ta babba taushi, don haka tasa ta fi sauri. Ku auna da wanda aka ɗebo daga kan murhu.

Sai kuma ita dardumar. Yawancin kafet ɗin da ke kasuwanninmu na zaren roba ne, da yawa daga Turkiyya suke zuwa, suna jure zafi gwargwado, shi ya sa masu wanki suka saba da sakaci ba su ga illa ba. Ulu gashin tunkiya ne. Kowane sili nasa yana da 'yan ɓawo-ɓawo kamar na kifi, in zafi da ruwa da gurza da omo mai kaifi suka haɗu, sai su sarƙe da juna, ba sa kuma warwarewa. Rini ma zafi kan sake shi. Tabon jini, ko madara, ko ƙwai kuwa, ruwan zafi dafa shi yake yi ya zauna daram, da ruwan sanyi ake fara masa. Ƙananan ƙwarin ƙura da nake ta fafutukar kashewa, digiri 60 tana gamawa da su, ba sai an kai ga tafasa ba.

Na yi ta tunanin dalilin da ya sa mai hankali zai yi irin wautata. A ganina harshenmu ma yana da hannu. Muna da ruwan ɗumi, muna da ruwan zafi, muna da tafasasshe, amma tsakanin ɗumi da tafasa akwai tazarar digiri wajen 60 da muka dunƙule cikin kalma guda. Garin nan namu ya san wuta. Nan Michael Cardew ya buɗe makarantar tukwane, tun garin na amsa sunan Abuja, nan Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira 20, ta yi suna. Matan Gwari masu ginin tukwane kan dubi wuta su san ta yi ko da saura, domin sun gada kaka da kakanni. Injin wanke kafet ba wanda ya gaje shi, baƙo ne, ya zo mana ba tare da littafinsa ba.

Wanda ba shi da ma'auni, ga lissafi mai sauƙi. Ruwan rijiya ko na burtsatse a wajenmu yakan kai digiri 28 ko kusa da haka. Bokiti 1 na tafasasshe da 2 na sanyi za su ba ka kamar digiri 52, ya isa kafet na roba. Ga ulu, a sa 4 na sanyi, ya sauko wajen 42, yadda hannu zai iya zama a ciki. A surka a waje kafin a zuba a tanki, na sanyin kuma shi ake fara zubawa. Kafin a taɓa darduma mai launi, a jiƙa farin tsumma a danna a wata kusurwa, in ya ɗauko ja, a dakata.

Hannun yaron ya warke bayan mako 5, ya bar tabo fari-fari har gwiwa. Na biya kuɗin magani, wanda shi ne mafi arhar abin da ke kaina. Na kai wa mai wurin ma'aunin zafi irin na masu gasa burodi, ya karɓa ya yi godiya, da na koma da Ƙaramar Salla ta gaba na tarar da shi rataye a ƙusa, ya yi tsatsa. Amma yaron, na lura, sai ya tsoma yatsa a bokiti kafin ya ɗaga.

Dardumar ta dawo gida gefe ɗaya ya takure ya ɗaga kamar busasshiyar fata, jan ya malala cikin farin ya mai da shi ruwan hoda. Na shimfiɗa ta gaban Hajiya, na rasa ta cewa. Ta daɗe tana shafa wurin da ya ƙanƙance da tafin hannunta. Can ta ɗago ta ce, "Yaya hannun yaron?" Na ce da sauƙi. Ta ce in an yanka rago in kai masa cinya guda. Sa'an nan ta naɗe dardumar da kanta, ta mai da ita ɗaki, ba ta bari na kama mata ba.