Gurbi na Bakwai

Tikitin da na saya ta waya bai ɓoye komai ba. Mota za ta ɗauke mu ƙarfe shida da rabi na safe, mu ziyarci sansanin Auschwitz da na Birkenau kafin azahar, mu ci abinci, sannan mu gangara ramin gishiri na Wieliczka da yamma. Awa goma sha ɗaya, kuɗi guda. Na karanta sau biyu, raina bai kwanta ba. Yaya mutum zai je gaisuwar mutuwa da safe, ya zarce gidan biki da la'asar? Amma rana ɗaya tal ta rage mini a Krakow, don haka na biya.

Ni ɗan Fagam ne, a Ƙaramar Hukumar Gwaram. Sana'ata rubuta manhaja. Mafi yawan aikina daga ɗaki nake yin sa, da kwamfuta da sola da addu'ar kada sabis ya ɗauke. Kamfanin da nake yi wa aiki ne ya tura ni taron kwana huɗu a ƙasar Folan. A daidai lokacin kuma ina da wani aikin gefe a gida: wata ƙungiya ta ba ni kwangilar manhajar rajistar manoma, domin rabon taki da iri. Fom ɗin yana da gurbi goma sha biyu. Suna, sunan uba, shekaru, ƙauye, lambar waya, inda gidan mutum yake a taswira. Gurbi na bakwai shi ne ƙabila. Da hannuna na rubuta shi, na jera zaɓi a ƙarƙashinsa, ban tsaya ko na minti ɗaya na yi tunani a kansa ba. An ce a sa, na sa.

Daga Krakow zuwa garin Oswiecim, wanda Jamusawa suka mayar wa suna Auschwitz, tafiyar kilomita saba'in ce ko kusa da haka. Mu goma sha shida ne a motar, ni kaɗai ne baƙar fata. Abin da na sani game da wurin bai wuce abin da kowa ya tsinta a finafinai ba. A gidanmu “yaƙin Hitila” ake cewa, kuma labarinsa bai wuce na tsofaffin sojojin da aka kai Bama ba.

Mai jagorarmu dattijuwa ce, muryarta ƙasa-ƙasa, muna jin ta ta abin kunne. Ta tsayar da mu gaban ƙofar ƙarfen nan mai rubutun Jamusanci da ke cewa aiki yana 'yantar da mutum. Ta ce an buɗe sansanin a 1940, da farko don tsare 'yan Folan. Zuwa ranar 27 ga Janairu 1945, da sojojin Tarayyar Sobiyet suka iso, an kawo mutum wajen miliyan 1.3, an kashe kusan miliyan 1.1. Kusan miliyan ɗaya daga cikinsu Yahudawa ne. Sauran 'yan Folan ne, da 'yan ƙabilar Roma, da fursunonin yaƙi na Sobiyet, da wasu.

Na ji adadin, amma bai shige ni ba. Kullum da manyan lambobi nake aiki, miliyan a wurina layuka ne a jadawali. Sai da muka shiga gini na huɗu, ɗakin da aka hana ɗaukar hoto. Bayan gilashi akwai gashin mutane, kusan tan biyu, wanda aka aske don a sayar wa masaƙa. A ciki na hangi wata kitsattsiyar jela da ba ta warware ba. Wata ce ta zauna aka yi mata wannan kitson, ko ta yi wa kanta da safe, tana zaton za ta kwance shi wata rana. A gini na biyar akwai tulin takalma, da tabarau, da tukwane, da akwatunan da masu su suka rubuta sunansu da adireshinsu a jiki da farin fenti, kamar yadda alhazanmu ke yi wa jakarsu don kada ta ɓata. Na tsaya gaban takalman yara har sai da wani ya taɓa kafaɗata, ƙungiya ta gaba tana jira.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa takardu ne. Katuna, da rajista, da jerin sunaye da aka buga da tafireta, layi a miƙe, babu gogewa. Mutum wajen 400,000 aka yi wa rajista aka ba su lamba, kuma a Auschwitz kaɗai ake tsaga wa fursuna lambarsa a fata. Mafi yawan waɗanda aka kawo ma ba su samu lambar ba, daga jirgin ƙasa aka wuce da su ɗakin iskar guba. Amma kafin su hau jirgin, wani ne a wani ofis ya san sunansu, da titinsu, da lambar gidansu, da abin da kakanninsu ke bauta wa. Na kalli katin nan na gane shi. Suna, ranar haihuwa, gari, sana'a, jinsi. Wanda ya tsara shi ya iya aikinsa. Da a ce ɗalibina ne ya kawo mini tsarin, da na ce ya yi kyau.

Birkenau yana da nisan kilomita uku daga nan. Fili ne fetal, ido ba ya kai ƙarshensa, sai bututun hayaƙin ɗakunan da suka rushe a jere kamar kututturan dawa bayan girbi. Layin dogo ya ratsa ta ƙarƙashin hasumiyar ƙofa ya shiga har ciki. An shimfiɗa wannan reshen ne a 1944, shekarar da aka kwaso Yahudawan Hangari sama da 400,000 cikin 'yan makonni. A gefen layin likita ke tsayawa, yana nuna dama ko hagu. Dattijuwar ta gaya mana cewa fursunan da yunwa ta cinye har ya daina iya miƙewa, a yaren sansanin “Musulmi” ake kiransa, wasu sun ce saboda yadda yake duƙewa kamar mai sallah. Da ta faɗi haka ta dube ni, ni ma na dube ta. Babu wanda ya ƙara magana.

A wurin ajiye motoci na shimfiɗa rigar sanyina na haɗa azahar da la'asar. An raba burodi da nama, ban san naman ba, sai na ciro dabino da gyaɗar da na zo da su. Na ji kunyar yadda nake jin yunwa, na kuma cinye tas. Na tura hoton layin dogon a zauren WhatsApp na gidanmu. Ba a jima ba Yayana ya amsa: “Kai kuma me ya kai ka makokin Yahudawa? Ba ka ganin abin da ake yi a Gaza?” Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Na mayar da wayar aljihu.

Wieliczka tana gab da Krakow ta kudu maso gabas. Tun ƙarni na 13 ake haƙar gishiri a nan, sai a 1996 aka daina haƙa don sayarwa. Ramin hawa tara ne, zurfinsa mita 327, amma baƙi ba sa wuce mita 135. Da matakalar katako ake fara sauka, taki 380, ana ta kewaya har kai ya fara juyawa. Sabon mai jagorarmu saurayi ne mai barkwanci. Tun a kan matakala ya ce duk wanda ya gaji ya kwantar da hankalinsa, saura ɗari uku kawai. Mutane suka yi dariya. Ni ma na ji dariya ta kuɓuce mini, sai na kama bakina. Awa uku da suka wuce ina gaban takalman yara.

Gishirin wurin toka-toka ne kamar dutse. Bango gishiri, ƙasa gishiri, rufi gishiri. Saurayin ya ce wanda bai yarda ba ya lasa. Na dangwala yatsa na kai baki, sai ga ni a zauren kakana. Yana da kantun gishiri da yake ajiye wa shanunsa, irin wanda Buzaye ke ɗaukowa a raƙuma daga Bilma, ya bi ta Agadas ya iso kasuwanninmu. Muna yara mukan faki idonsa mu lasa, ya kore mu da sanda yana cewa mun fi maruƙa kwaɗayi. Ban taɓa tambayar wanda ya haƙo wannan kantun a tsakiyar Sahara ba, ko da son ransa ya yi, ko nawa aka biya shi.

A zurfin mita 101 muka shiga majami'ar Kinga. Ma'aikatan ramin ne suka sassaƙa ta daga gishiri, wasu 'yan'uwa biyu, Jozef da Tomasz Markowski, sannan Antoni Wyrodek ya ɗora, aikin shekaru da dama. Har fitilun da ke reto daga sama da ƙwayoyin gishiri aka yi musu ado. Ni Musulmi ne, ba wurin ibadata ba ne, amma na fahimci mutumin da ke shiga ƙarƙashin ƙasa kullum ba tare da tabbacin fitowa ba, ya ce sai ya gyara inda zai roƙi Ubangijinsa. Abin ya burge ni ƙwarai, kuma na ji haushin kaina da ya burge ni a wannan rana.

Muna gab da fita saurayin ya daina wasa. Ya ce a 1944 Jamusawa sun kawo Yahudawa daga sansanonin Plaszow da Mielec cikin wannan ramin, don su kafa masana'antar kayan yaƙi inda bama-bamai ba za su kai ba. Ba a fara ƙera komai ba sojojin Sobiyet suka matso, aka kwashe fursunonin zuwa wasu sansanonin. Ya faɗa cikin jimla uku, ya nuna mana hanyar lif.

Tun safe nake zargin masu shirya tafiyar da haɗa abin da bai haɗu ba. Ashe tun kafin a haife su an riga an haɗa. Bangon da na lasa ina tuna kakana, wasu sun jingina da shi da lamba a jikin rigarsu. Kuma su ma da jerin sunaye aka zaɓo su: wannan maƙeri ne, wannan ya iya lantarki, a tura su rami.

A motar komawa na amsa wa Yayana. Na ce: “Yaya, ina ganin Gaza, kuma tana hana ni barci. Takalman yaran da na gani yau ma za su hana ni.” Ya karanta, bai ce komai ba. Har yau ba mu sake tayar da zancen ba.

A daren na kasa barci, na shiga karatu. A wancan zamani Holan tana da rajistar jama'a mai tsari ƙwarai, an yi ta ne da kyakkyawar niyya, don gudanar da mulki da taimakon mabuƙata, kuma tana ɗauke da addinin kowa. Da Jamus ta mamaye ƙasar a 1940, ta tarar an gama mata rabin aiki. Kusan kashi uku cikin huɗu na Yahudawan Holan aka kashe. A Maris 1943 wasu 'yan gwagwarmaya suka kai hari ofishin rajistar Amsterdam suka cinna masa wuta, da yawansu suka rasa ransu a kan haka. A Ruwanda, katin shaidar da Beljiyam ta shigo da shi a shekarun 1930 yana ɗauke da ƙabila, kuma shi aka riƙa dubawa a shingayen hanya a 1994. Na tuna kuma da gini na 27 a Auschwitz, inda aka ajiye wani littafi mai tsawon ɗaki, ɗauke da sunayen mutum sama da miliyan huɗu da aka kashe. Shi ma rumbun bayanai ne, masu irin sana'ata ne suka tattara shi. Na ga wata mata tana bin shafi da yatsa tana neman sunan danginta.

Ban ce Fagam Turai ce ta 1940 ba. Mu da Fulanin da ke kewaye da mu kasuwa ɗaya muke ci, sahu ɗaya muke tsayawa, mun yi auratayya. Amma na san yadda gari ke ɗaukar zafi lokacin girbi idan shanu suka shiga gonar wani. Na kuma san inda bayanan da muke tattarawa ke ƙarewa: a kwamfutar wani da ba ta da makulli, a filashin da ke yawo daga hannu zuwa hannu, a wayar ɗan siyasa idan zaɓe ya matso. Manhajata za ta iya fitar da sunan kowane ɗan wata ƙabila a ƙauyuka arba'in, da lambar wayarsa, da ƙofar gidansa a taswira, kafin mutum ya kurɓi shayi.

Da na dawo na je wurin shugaban aikin. Na ce: “Ranka ya daɗe, gurbin nan na bakwai, me za mu yi da shi?” Ya ce masu ba da kuɗin suna son rahoto ya nuna cewa ba a ware kowa ba, kada a wayi gari taki ya tafi ɓangare guda. Hujjarsa mai ƙarfi ce, na san an sha yin hakan. Ban kawo masa zancen Folan ba, don na san zai ce Turai ta taɓa mini kai. Na dai tambaye shi: idan kwamfutar ofis ta ɓata gobe, wa zai ɗauki alhakin abin da ke ciki? Ya yi shiru, sannan ya ce in kawo mafita, amma babu ƙarin ko kwabo.

Mako biyu na yi ina sake gini ba tare da an biya ni ba. Yanzu manhajar tana tambayar ƙabila, mutum yana da damar ƙin faɗa, kuma amsar ba ta zama kusa da sunansa. Tana tafiya wani jadawali dabam inda ake ƙirga jimilla kawai, mazaɓa-mazaɓa. Taswirar gida kuma na cire ta, sunan ƙauye ya isa a kai wa mutum buhun taki. Rahoton ya fita, masu kuɗi ba su yi ƙorafi ba. Ban sani ba ko na kare wani daga wani abu. Mai yiwuwa babu abin da zai taɓa faruwa, kuma haka nake roƙon Allah.

Tsarabar da na kawo wa Inna ƙaramar jakar gishirin Wieliczka ce. Na zauna a tabarma ina ba ta labarin matakala 380 da fitilun gishiri. Labarin safiyar kuwa na kasa farawa. Ta kwance jakar, ta dangwala, ta ɗanɗana, ta ce: “To, ai gishiri ne.” Ta miƙa wa ƙanwata ta ce a zuba a miyar dare.