Ginin da ke da kwafinsa a kwamfuta

Ranar da na fara ganin Gidan Wasanni na Sidni, a bakin teku a ƙasar Ostireliya, rufinsa ne ya ɗauke mini hankali, fari tas kamar filafilan jirgin ruwa. An fara gina shi a 1959, aka buɗe shi a 1973. Tayil sama da miliyan ɗaya ne suka lulluɓe rufin. Sai na ce a raina: gini irin wannan, yaya ake kula da shi?

Ashe masu kula da shi suna da kwafinsa a kwamfuta, tsarin da injiniyoyi ke kira BIM. A irin wannan tsari, in ka zaɓi bututu ko ƙofa a allo, sai ka ga inda yake, da irinsa, da lokacin da ya kamata a duba shi.

Nan na tuna makarantarmu ta sakandare. Da bututun ruwa ya fashe, sai da aka fasa bango uku kafin a gano shi, domin mai gyaran da ya san hanyarsa ya yi ritaya.

Ƙannena, aikin gini ba ya ƙarewa ranar bikin buɗewa. Mai sha'awar karatun injiniya, ga fili ga mai doki.